Saƙin Baba Angus

Ku ukun nan kun taso kuna cewa mun bar Manchester ne saboda Baturen da nake wa aiki ya cuce ni. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma na sha jin kuna faɗa ban hana ku ba, har maganar ta girma tare da ku. Yanzu da sai na nemi mai zura mini zare a allura, gara in gyara ta tun ina iya riƙe alƙalami. Mutumin nan bai cuce ni ba. Shi ne ma ya ba ni amana, yadi takwas na ulu mai baƙi da fari, ya ce in ɗinka kafin lokaci ya ƙure. Ban san lokacin me yake nufi ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Sunansa Angus, mutumin Sikotland ne, tela kamar ni. Shagonsa yana saman bene a Cheetham Hill, bayan manyan ɗakunan ajiyar 'yan sari. Lokacin da na biyo mamanku ƙasar nan tana karatunta, sai da na yi wata bakwai ina wanke kwanoni a gidan abinci, ni da a Fagge ake bin layin ɗinkina. Wata rana na hau benen nan neman aiki. Ya dubi yatsuna kafin ya dubi fuskata, ya miƙo mini ƙyalle da allura. Da na gama ya ɗaga ɗinkin wajen taga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in zo Litinin. Abin da yake ɗinkawa shi ne kilt, wato zanen nan da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa ya tsaya a gwiwa. Ranar farko da na ga ƙato da gemu ya shigo awo ya ɗaura abin, sai da na shige bayan labule na ƙunshe dariya. Angus ya kama ni.

"Kai da kake sa rigar da za ta rufe mota, kai ne mai yi wa wani dariya?"

Daga ranar muka fara tsokanar juna, ba mu daina ba shekara goma sha ɗaya. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Sani, yana jan sunan kamar zai tsinke shi. Aikin kuwa ba abin dariya ba ne. Yadi takwas ake tattarawa a ƙugun mutum ɗaya, duk da hannu, ninki bayan ninki, kuma dole kowane layi ya haɗu da ɗan'uwansa. Idan ya kauce ko da kaurin zare ne, Baba ba ya faɗa, almakashi kawai yake ajiye maka a gabanka ya tafi shan shayi. Yadin suna ce masa tartan, kowane dangi da irin zanensa, wani ja, wani kore, wani shuɗi. Yakan kalli zane ya gaya maka gidan da mutum ya fito, yadda tsofaffinmu ke gane asalin mutum daga tsagen fuskarsa. Na koyi sunayensu da yawa, har na fara jin kaina, ina gyara wa masu saye kuskure a kan kayan kakanninsu.

Akwai bandir guda a can saman kanta, naɗe cikin takarda, wanda ba a sayarwa. Wata rana ina share kanta takardar ta yage, sai ga baƙi da fari, layi ya ratsa layi, babu wani launi ko ɗaya. Murna ta kama ni. Saƙi ne sak, in ban da kauri. Kakanku yana da rigar saƙi guda ɗaya, mai zanen gashin zabo, ba ta fitowa daga adaka sai ranar Sallah ko ɗaurin aure ko suna. Idan muka ga ya sa ta, mun san yau za a ci nama. Na sauko da bandir ɗin ina ta zuba, ina ba Baba labarin rigar nan da ƙamshin turarenta. Ya saurare ni har na gama, ya shafa yadin da bayan hannunsa.

"Mu ma a gidanmu sai babbar rana ake sa shi," ya ce. "Mayar da shi, Sani."

Na mayar, na kuma rufe maganar a raina cewa saƙin Turawa ne, kayan biki. Shekaru suka wuce ba wanda ya zo neman irinsa, ni kuma ban ƙara tambaya ba, tunda a ganina na riga na sani.

Shekarar da nake son ba ku labari, abu biyu suka zo tare. Na farko, hannun Baba ya fara rawa. Allura ta riƙa kuɓuce masa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma kusan duk mako sai ya ce zai je ganin likita. In na tambaya ya ce tsufa ne. Na biyu, Alhaji Sabo, abokina tun na Fagge, ya kama shago a Aston, cikin Birmingham, ya kira ni mu haɗa hannu. Ya ce Hausawa sun yi yawa a can, ɗalibai da iyalansu, ga mutanen Gana da Sudan, ba mai yi musu kaftani sai sun aika gida.

"Malam Sani, har yaushe za ka zauna kana ɗinka wa Turawa siket? Ka zo ka sa sunanka a ƙofa. Azumi saura wata biyu, in muka kama ɗinkin Sallar nan shi ke nan mun kafu."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin wani, ina son in ji an ce shagon Sani. Da na gaya wa Baba, bai hana ni ba, bai ma ɓata fuska ba. Ya ce daidai ne, tela irina bai kamata ya tsufa a benen wani ba. Washegari na tarar ya sa an sauko da bandir ɗin nan, ya yanke yadi takwas, ya ɗora takarda a kai mai ɗauke da awon ɗansa Callum, wanda ke aiki can arewacin ƙasarsu, sai shekara-shekara yake leƙowa.

"Aiki ɗaya ya rage tsakaninmu," ya ce. "Ka ɗinka wa yaron nan wannan. Da hannuna na so in yi, ka ga dai yadda hannun ya koma. Ina so ya samu kafin ganyen bishiyoyi su gama fitowa."

Na tafa hannu na yi shewa kamar wata mace.

"Baba! Ashe Callum ya samu mata ka ɓoye mini? 'Yar gidan wa ce? Wallahi sai na zo bikin nan da babbar rigata, in rufe muku motar amarya!"

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Har yau in na rufe ido ina ganin kallon nan. Bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai kuma ya yi murmushi.

"Za a gayyace ka," ya ce. "Kai dai ka gama a kan lokaci."

Da na kai yadin gida, mamanku ce ta fara jin abin bai kwanta mata ba. Ku kun san ta, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu sai ka rasa inda za ka sa kanka. Muna cikin ɗaure kaya a kwalaye ta ɗaga yadin ta ajiye mini a kan cinya.

"Malam, ka gama wa tsohon nan ɗinkinsa kafin mu tashi."

"In na zauna a Birmingham zan yi. Biki ne, ko rana ba su sa ba."

"Wa ya ce maka biki ne?"

"Ke kin fi ni sanin yadi ne?"

"Ban san yadi ba, amma na san mara lafiya in na gan shi. Mutumin da kullum yana hanyar zuwa ganin likita, wuyansa kamar na kaza? Gidan hayar nan muna da shi har ƙarshen wata, ba mai korarmu. Mako ɗaya ka ba shi."

Na yi mata tsawa. Na ce shekara goma sha ɗaya na ba shi, ba ta isa ba sai na ƙara masa da Sallata? Na ce duk abin da zai ɗaga ni sai ta nemo dalilin jinkirta shi. Sai ta ɗauke yadin ta naɗe shi cikin zanenta mai kyau ta sa a saman akwati, yadda kullum sai na gan shi. Allah Ya jiƙanta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

A Aston aiki ya rufe mu. Alhaji Sabo bai yi ƙarya ba, shadda ta taru har ba wurin shimfiɗa sallaya. Na fara kilt ɗin a makon farko, na yi alama da alli, na kama ninki tara da fil, sai wani ɗalibi ya shigo da kaftani biyar, na ture shi gefe. Azumi ya kama. Baba ya bugo waya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya tambayi shago, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, sai a ƙarshe ya ce yaya aikinmu. Na ce ya kusa, bayan Sallah zan kawo da kaina. Ya ce Sallar saura kwana nawa. Na ce ashirin. Na ji yana lissafi, sannan ya ce to.

Bugu na biyu ranar Asabar ce da hantsi, saura kwana tara Sallah. Ina gida a kan keken ɗinki, na kwaso aikin shago saboda ya yi yawa. Sadiya, ke kika ɗauka, kina 'yar shekara tara. Kika rufe bakin wayar da tafin hannu kika ce Baba Angus ne. Na girgiza miki kai, na yi miki nuni da hannu ki ce ba na nan. Kika tsaya kina kallona, don ni ne mai dukan ku a kan ƙarya. Na zare miki ido. Kika faɗa. Ina jin muryarsa daga inda nake, siririya, yana tsokanarki yadda ya saba. Da kika ajiye kika zo kika tsaya a gefen keken, kika ba ni saƙon da Turancinki na Manchester.

"Abba, ya ce in gaya maka ba shi ne yake sauri ba."

Dariya na yi. Na ce wa mamanku kin ji, amarya ce ta matsa musu. Na ci gaba da taka keke.

Kwana biyu bayan Sallah, ina shago ina shan shayin da na yi wata ban sha da rana ba, matarsa ta bugo. Morag sunanta, muna ce mata Mama. Ta ce Angus ya rasu jiya da asuba, a gidan jinyar da ake kai wanda likitoci suka sallama. Ciwon daji ne, tun kafin in bar Manchester aka gaya masa watannin da suka rage. Jana'iza jibi, saboda Callum hutun kwana uku kawai ya samu. Sai ta ce, a hankali, kamar mai jin kunyar tambaya:

"Sani, ya ce kilt ɗin yana wurinka. Ya ce in kwantar da hankalina, kai ba ka saɓa alkawari."

Na ce mata Mama, ai na bikin Callum ne. Ta ce wane biki?

A jirgin ƙasa na tafi da yadin a kan cinyata, fil tara na nan inda na bar su. Na same ta a kicin ita kaɗai. Ta warware zanen mamanku, ta ga alli, ta ga ninki tara, ta ga sauran yadin a miƙe kamar yadda ya fito daga kanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zuba mini shayi, ta zauna ta yi mini bayanin abin da ya kamata in tambaya shekara goma da suka wuce. Ta ce a can da, makiyayan ƙasarsu ke saƙa irin wannan da gashin farar tunkiya da na baƙa, ba rini, su yafa a kan duwatsu, har su naɗo ɗan rago a ciki in sanyi ya kama shi. Daga baya wasu gidaje suka mayar da mai baƙi da fari kayan makoki. Ranar binne mutum akan ajiye ja da kore, ɗa ya sa wanda ba launi ya bi gawar ubansa. Yanzu mutane sun manta, har biki ana zuwa da shi, amma gidan su Angus ba su manta ba. Shi ya sa wa ubansa, ubansa ya sa wa kakansa, kuma bandir ɗin nan tun haihuwar Callum ya saye shi ya ajiye.

"Ko ɗan nasa bai gaya wa yana mutuwa ba," ta ce. "Bakinsa ba ya iya irin wannan magana. Kai ya zaɓa ya gaya wa, da yadi, don ya ce kai kana jin maganar yadi. Da ya dawo gida ran nan na tambaye shi ko ka gane. Ya ce a'a, Sani ya ɗauka aure ne, ya yi ta murna, na kasa ɓata masa."

A nan na yi kuka, a kicin ɗin matar da ya kamata ni in ba ta haƙuri. 'Ya'yana, kakarku ta ajiye likkafaninta a ƙasan adaka shekara ashirin, duk gidan mun san da shi. Da farin alawayyo Baba ya miƙo mini, da ban kai ƙofa ba na gane, da na zauna a benen nan ko Sallah goma za ta wuce. Amma ya miƙo mini baƙi da fari, ni kuma na ga rigar ubana, na ji ƙamshin naman suna. Ya yi mini magana da harshensu, na amsa masa da Hausa.

Na ce zan zauna in gama kafin jibi. Mama ta girgiza kai, ni ma na san ba zai yiwu ba, ulu sai an danne shi da guga ya kwana ya huce kafin a sa shafi. Callum ya je shagon haya. Abin da suka samu daidai ƙugunsa ja ne mai ratsin rawaya, irin wanda abokan ango ke sawa, kuma ya ɗan gaza masa. Haka ya ɗauki kusurwar akwatin ubansa, ɗan tela, jikan tela, cikin kayan aro. Ina tsaye a baya wajen maƙabartar, mai busa algaitarsu ta jaka yana busawa, tsofaffi biyu 'yan ƙasarsu suna kallon jan nan suna kallon juna. An gayyace ni, kamar yadda ya yi alkawari. Babbar rigar ma na sa, don ita kaɗai ce kayan kirkin da na ɗauko. Bayan an watse Callum ya miƙo mini hannu ya gode da zuwa, bai ambaci komai ba, bai kuma dubi idona ba.

Da na dawo Aston kuka tambaye ni me ya sa na daina zancen Baba Angus, me ya sa in aka ambace shi nake tashi. Nura ne ya fara cewa ƙila cutar Abba ya yi, na ji, na bar shi a haka, don ya fi mini sauƙi ku zarge shi da ku san abin da na yi. Sadiya, ke na fi zalunta. Kin girma kina ganin mutumin da kika yi wa ƙarya ran nan wani mai naci ne da ubanki ke gudu. Ba haka ba ne. Mutum ne da ya rage masa kwana goma a duniya, ya tattara ƙarfinsa ya nemi abokinsa, abokin yana zaune taku uku daga wayar. Ki yafe mini, zunubin ƙaryar nan nawa ne, ba naki ba.

Kilt ɗin na kai wa Mama daga baya, ta karɓa ta ce zai yi amfani, ai ita ma tana hanya. Bayan shekara shida Callum ya sa shi ya bi gawarta, sai da na buɗe masa ƙugu da inci biyu. Ya yi masa kyau, kowane layi ya haɗu da ɗan'uwansa, Baba da kansa ba zai ajiye mini almakashi ba. Ƙyallen da ya ragu shi ne wanda kuke gani a akwatina tare da rigar kakanku, wanda Ummi ta taɓa roƙo za ta yi wa 'yartsana zane na daka mata tsawa.

Abu ɗaya ya rage da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mamanku. Washegarin jana'izar na rufe shago, na ce wa Alhaji Sabo kada a neme ni. Na zare fil ɗin nan tara, na sake farawa daga farko, ban yi gaggawa ba, ban tsallake ko ɗinki ɗaya ba, har guga da shafi da maɗaurin fata. Da na gama na ƙirga kwanakin da aikin ya ci. Wata uku yadin yana hannuna. Kwana huɗu ne.